Ruwan zafi da ɗumin ɗaki a sabon sashen Hajiya

Tambaya daga wani magidanci a Katsina: "Ina ƙara sashe a bayan gidana, ɗaki da ƙaramin falo da banɗaki, saboda mahaifiyata za ta dawo wurina. Ta haura shekara 70, sanyi yana taɓa mata gwiwa. Iyalina kuma na da juna biyu, haihuwa za ta faɗo cikin Janairu. Gini ya kai linta. Muna da rijiyar burtsatse da tankin sama da inbata mai batir biyu. Ƙanena da ke Ingila ya ce in sa irin nasu, tukunyar gas mai tura ruwan zafi ƙarƙashin daɓe. Mai aikin famfo ya ce hita mai bayarwa nan take. Mai sola ya ce sola. Wanne zan bi, kuma me zan sa na ɗumama ɗakin?"

Malam, Allah ya sa albarka a wannan gini, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, iyali kuma Allah ya raba lafiya. Na ji daɗi da ka ce a linta ake. Shekaruna sama da ashirin ina aikin ruwa da wuta a gidaje tsakanin Katsina da Daura, yawancin masu kirana kuwa sai an manna tayil, an shafa fenti, Disamba ta shigo, sannan a tuna da ruwan zafi. Tun ran gini ran zane.

Mutum ukun nan kowa ya yabi abin da ya sani, amma ba wanda ya tambaye ka ƙarfe nawa Hajiya ke son ruwan. Amsar kuwa ka san ta: wajen biyar da rabi na asuba, lokacin alwala, a tsakiyar hunturu. A wannan sa'ar babu rana, batir ya kwana yana aiki, wuta kuma ba wanda zai rantse maka tana nan. Ke nan duk na'urar lantarki da sai an buɗe famfo take fara dafa ruwa ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Abin da kake nema shi ne wanda zai ɗumama ruwan sa'ad da akwai rana ko wuta, ya ajiye shi da zafinsa har a kira assalatu.

Bari in sallami ƙaninka tukuna. Abin da ya gani daidai ne a can. Sanyinsu yana cin kusan rabin shekara, gas kuma ta bututu yake shiga yawancin gidajensu kamar ruwan famfo. Mu a nan muku-mukun daga tsakiyar Disamba ne zuwa farkon Fabrairu, shi ma da dare da sassafe. Ma'auni kan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, wani daren ya yi ƙasa da haka, amma kafin azahar ka tuɓe rigar sanyi. Daga Maris kuma sai a doshi 40 har a wuce. A binne bututu ƙarƙashin daɓe saboda mako bakwai ko takwas, da tukunya mai wuyar kayan gyara, kuɗi ne kawai aka binne. Ka gode masa, in yana son sa hannu ya biya kuɗin silin, zan zo kan dalilin.

Yanzu lissafi, don shi ke raba gardama. Ɗaga zafin lita ɗaya na ruwa da digiri ɗaya yana cin wat-awa 1.16, ko da itace ka dafa ko gas ko lantarki. Ruwan da ya kwana a tankin sama cikin hunturu yakan wayi gari a wajen digiri 15. Na wanka mai daɗin jiki wajen 40 ne. Hita tana ajiye nata a 60, sai a sirka. Bokitin lita 20 yana son kimanin lita 11 na zafi da 9 na sanyi. Wankan Hajiya ɗaya da alwalar asuba da magariba da isha'i ba za su wuce lita 20 na zafi ba, wato hita mai lita 30 ta ishe ta har da saura. Kai lita 30 daga 15 zuwa 60 yana cin yunit 1.6, elemen, wato ƙarfen cikin hita da ke dafa ruwan, mai wat 1,500 kuma zai gama cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. A Afrilun 2024 NERC, hukumar kula da wutar lantarki, ta kai kuɗin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit. Ko a wannan farashin, dafawa ɗaya ba ta kai naira 400 ba. Shawa ce ke ɓata lissafin. Wadda ke zubar da lita 8 a minti, in aka yi minti bakwai ƙarƙashinta, an tafi da kusan bokiti uku. Tsofaffinmu dai da bokiti da kofi suka saba, yaran gida ne za su gano shawar sashen kakarsu.

Hita mai bayarwa nan take, na san abin da ya sa ake sonta: ƙarama ce, da araha, kafin la'asar an ɗaura ta an tafi. Ciwonta ba ta da rumbu. Duk zafin da ruwa zai samu sai cikin 'yan daƙiƙun da yake ratsa ta, shi ya sa take zuƙar wuta kamar injin walda. Mai wat 3,500, in ruwan da ke shiga 15 ne kana son 40, lita 2 kacal za ta ba ka a minti. Hajiya za ta yi minti goma a tsaye cikin sanyi tana jiran bokiti. Wannan ma in wutar ta zo cikakkiya, bolt 230. Ranar da ta zo da rauni, a ce 180, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin elemen ya tafi, ruwan ya fito ba zafi ba sanyi. Babbarta mai wat 7,000 tana jan amfa 30, sai an ja mata waya mai milimita 6 ita kaɗai, kuma ba ƙaramin janareta ko inbatar gida da zai ɗauke ta. Ga shi da yawansu ba sa kunnawa sai ruwa ya zo da ƙarfi, abin da tankin sama na gidan ƙasa ba ya bayarwa. A gidan da wuta ba ta ƙiftawa tana da amfani. A naka, a'a.

Inbata ma kada ka ɗora mata wannan kaya. In batiranka irin dogayen nan ne masu ruwa, amfa-awa 200 a bolt 12, kowane yunit 2.4 ne a takarda, rabi ake so a taɓa in ana son ya yi shekaru. Biyun ke nan yunit 2.4 za ka mora, hitar lita 30 kuwa za ta cinye kashi biyu cikin uku kafin ta kashe kanta. Layin hita a raba shi da layin inbata tun daga allon birekoki. Ita kuwa hitar tsomawa a bokiti, wadda kowane gida ke da ita a ɓoye, kada ta shiga sashen nan ko da wasa. Tsohuwa ko jika ya sa hannu ya ji ko ruwa ya yi, shi ke nan.

Hita mai tanki ita ce ta dace da lissafin asuba. Jikinta da rufi mai riƙe zafi, in an kawo wuta da yamma ko tsakar dare ta dafa ta kashe kanta, ruwan ya kai safe da zafinsa. Cike da ruwa, mai lita 30 tana doshin kilo 45, bulon inci shida kuma cikinsa rami ne. Ka sa magini ya cika ramukan bulon da kankare a daidai inda kusoshinta za su shiga, yanzu da bango yake tsirara. A saita ta a 60. Ƙasa da haka sosai, tsakanin 20 da 45, akwai ƙwayar cuta mai suna Legionella da ke hayayyafa cikin ruwan da ya kwanta, tana kama huhu ta tururin wanka. Sama da haka kuma ɓarnar wuta ce, ga farin dutsen nan da ke daskarewa jikin elemen yana ƙaruwa. Ruwanka na burtsatse ne, don haka leƙa gindin butar shayinku. In ka ga farin ɓawo ya kama, ko sabulu ba ya kumfa sosai, abin da zai faru cikin hitar ke nan. Ruwan wasu unguwanni har zartsi gare shi. A irin wannan, duk shekara kafin sanyi ya shigo a buɗe ta a kankare elemen, a duba sandar magnesiyam da ke ciki. Aikin sandar ta ci tsatsa a madadin tankin. In ta ƙare ba a canza ba, tankin ne zai fara ɓulewa.

Akwai wani ɗan bawul da ke zuwa cikin kwalin kowace hita, ana ɗaura shi a bakin shigar ruwan sanyi. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, lita 30 na ƙara kusan rabin lita, ta nan rarar ke ɗiga. Wani gida da aka kira ni wajen Ƙofar Ƙaura, matar gidan ta yi ƙorafin ɗigar na ɓata mata tayil, wanda ya ɗaura hitar ya zo ya toshe bakin bawul ɗin da dunƙulen roba da gam. Da na isa, na'urar kashe wutar ta riga ta lalace, hitar tana gurnani kamar tukunyar ɗanwake, famfon zafi in an buɗe tururi yake fesowa. Na kashe bireka na ce kowa ya fita tsakar gida sai ta huce. Tanki rufaffe mai tafasa ba shi da maraba da bam. Maganin ɗigar siririn tiyo ne daga bawul zuwa magudana, kuɗinsa bai kai na lemo ba.

Mai sola kuma da gaskiyarsa, in dai kun fahimci juna. Sola iri biyu ce, ana yawan haɗa su. Akwai faranti mai ba da lantarki, wanda wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin rana yake kamawa. Akwai kuma hitar sola, tanki kwance a sama da jerin dogayen kwalabe baƙaƙe a ƙarƙashinsa, wadda ke kama fiye da rabi, don zafi take ɗauka kai tsaye. Ba waya, ba batir, ba injin turawa. Kowace kwalba gilashi biyu ce da aka zuƙe iskar tsakaninsu kamar filas ɗin shayi. Ruwan ciki in ya ɗau zafi sai ya yi sama ya shiga tanki, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa, haka har faɗuwar rana. Ana lissafa kimanin lita 10 ga kowace kwalba, mai kwalba 20 ita ce lita 200. Ga gida mai tsohuwa da mai jego, ita zan ce, ba mai 100 ba.

Wurin zamanta tun yanzu ake yanke shi. Cike da ruwa tana doshin kilo 300, buhun siminti shida ke nan, ba abin ɗorawa kan kwano da katakon rufi ba ne. Ko a zuba ɗan dekin a saman banɗakin, ko a yi mata hasumiyar ƙarfe a jikin bango. Kwalaben su fuskanci kudu. Katsina da Daura duk suna wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, a Disamba rana ta kudu take bi. Duba inuwarka da azahar, arewa take faɗawa. In ba ka da abin duba jiha, ka fuskanci alƙibla, kudu na wajen hannunka na dama. A lura da inuwar tankin sama, da benen maƙwabci, da bedin tsakar gida, wanda ba ya kaɗe ganye don an shiga sanyi. Inuwar da ke faɗa wa kwalabe daga goma na safe zuwa uku na rana ta cinye rabin kuɗinka.

Hitar sola tana da halaye da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Lokacin da ka fi buƙatarta shi ne lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ke rufe sama. Ranar hazo mai kauri, ruwan ɗumi kawai za ta ba ka. Ƙurar da ke kwanciya kan gilashi kuma sai an goge, sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe, da tsumma mai laushi; a yi tsani mai kyau tun farko, in ba haka ba ba mai hawa. Kwalba ɗaya in ta fashe, da ƙwallon yara ko ƙanƙarar farkon damina, duk ruwan tankin ta nan zai tsiyaye, don haka ka sayi biyu ko uku na ajiya rana ɗaya da hitar. In ta taɓa bushewa, kada a sake mata ruwa da rana tsaka, kwalaben da suka gasu za su tarwatse. A bari sai dare. A bazara tafasa take yi, sai a rufe rabin kwalaben da buhu, bututun numfashinta na sama kuma ba a toshe shi har abada. Babbar matsalar ita ce ta mutanen gida. In kowa ya yi wanka bayan isha'i, tankin ya sake cika da ruwan sanyi, ba rana sai gobe, Hajiya ce za ta tarar da saura.

Saboda wannan ne, in gidana ne, biyu zan haɗa. Hitar sola mai lita 200 a sama, ruwanta ya sauko ta bawul mai sirkawa, ya shiga ƙaramar hita mai lita 30 a banɗakin Hajiya. Ranar da sama ta washe, ruwan ya iso da zafinsa, elemen ba zai ko kunna ba. Ranar hazo, ɗan abin da ya rage kawai zai ƙarasa. Lita 30 ɗin nan kuma nata ne, ba mai taɓawa. In aljihu bai kai ba bana, ka sa ƙaramar kaɗai, amma a ja bututun sola har sama a rufe bakinsa, a zuba dekin, a bar ta sai baɗi. Hitar gas ma hanya ce in layinku ba ya samun wuta sam: tukunyar kilo 12.5 za ta dafa lita 30 sama da sau 70. Sharaɗinta ɗaya, a bangon waje take zama, inda iska ke kaɗawa, ba cikin banɗaki ba ko da akwai taga.

Sai maganar tsayi, wadda nan ne aiki ya fi lalacewa. Ƙarfin ruwan tankin sama daga tsayinsa yake: kowace mita 10 tana ba da bar ɗaya a ma'aunin ƙarfin ruwa, wato tankin da gindinsa ya ɗara kan shawa da mita 3 bai wuce 0.3 ba. Dole gindin tankin sanyi ya fi bakin hitar sola tsayi, ita kuma ta fi famfon banɗaki, kamar matakala. Tankinka na yanzu don tsohon gida aka kafa shi, a auna shi da tef kafin a sayi komai. Kuskuren da na fi gani shi ne ruwan sanyi ya zo daga doguwar hasumiya da ƙarfi, na zafi ya zo daga dekin da rauni, a haɗa su a famfo mai hannu ɗaya. Mai ƙarfi sai ya danne mai rauni ya mayar da shi baya, a yi ta murɗawa, ko sanyi ƙalau ko zafi zau. Ga Hajiya, ka ba ta famfo biyu daban a kan bokiti. Ka kuma yi mata wurin alwala: dakali mai tsayin kujera, famfo a daidai gwiwa, ƙarfen dafawa a bango, tayil mai kaushi. Ruwan da zai fito nan kada ya wuce 45, don na 60 cikin daƙiƙu yake ƙona fata, ta tsoho da ta yaro ma ta fi saurin salewa.

Bututun zafi PPR ne, koren nan da ake narka bakinsa da inji a haɗa, mai kaurin da aka yi don ruwan zafi. Farin PVC na gam daga digiri 60 yake fara laushi. Na taɓa fasa tayil ɗin banɗaki guda a Daura saboda wannan: bango ya jiƙe har ɗakin kwana, fenti na ɓarewa, da muka tono muka tarar gwiwar bututun ta saki kamar dafaffiyar taliya. Wanda ya yi aikin ya rage 'yan dubbai, mai gida ya biya tayil sau biyu. Hanyar bututun ta zama gajera, don duk mita 10 na ƙaramin PPR na riƙe kusan lita ɗaya da rabi da za ta huce a zubar kafin mai zafi ya iso. Wanda ke waje a naɗe shi da soson rufi, a kare shi daga rana.

Wuta kuma: layi na kansa daga allo, waya milimita 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, makunni mai yanke waya biyu a wajen banɗaki, ba soket a ciki. A kafa sandar at, ƙarfen da ke kai wutar da ta zubo cikin ƙasa, a wuri mai danshi a haɗa ta da jikin hitar, don ƙasarmu ta rani bushewa take yi har sandar ta zama ado. Kusa da magudana ya fi. Sannan bireka mai jin zubar wuta, za ka ga an rubuta RCD ko ELCB da 30mA a jikinta. Ita ce ke yankewa kafin wutar da ta zubo cikin ruwa ta kai zuciyar mutum. Tana da maɓallin gwaji, a danna shi duk wata.

Wankan jego zai ci ruwa fiye da duk lissafin da na yi a sama, safe da yamma har kwana arba'in, shi ya sa na ce lita 200. Zai rage muku itace da hayaƙi da ɗaukar tafasasshiyar tukunya a tsakar gida inda yara ke guje-guje. Yawan zafin da ya kamata kuwa maganar likita ce da ungozoma. Abin da zan faɗa kawai, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da yawan kunun kanwa, da ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego. A tambaya wurin awo. Kada samun ruwan a sauƙaƙe ya sa a wuce kima.

Ɗumin ɗaki kuwa, magini ne zai yi maka shi, ba mai sayar da kayan wuta ba. Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa na cikin birni ya san bango mai kauri da rufin azara suna shan zafin rana su sake shi da dare, a bazara kuma su yi sanyi. Bulo da kwano akasin haka suke: tanda a Afrilu, randa a Janairu. Mafi yawan ɗumin ta sama yake gudu, to a shimfiɗa abin rufi mai kauri a bayan silin, audugar gilashi ko farantin soso, a toshe kafofin da iska ke shiga tsakanin kwano da bango. Wannan kuɗin sau biyu yake biyan kansa, kuma a watannin zafi ya fi biya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tagar wannan ɓangaren ta zama ƙarama, babbar ta kalli kudu da 'yar rumfa a kanta. A guji luba, ko an rufe ta iska na wucewa. A sa mai murfi da roba a gefe. Ƙasan ƙofa a sa mata abin tare iska, daɓen tayil a rufe shi da kafet, gado kada ya jingina da bangon arewa. In an yi waɗannan, bargo biyu sun isa a yawancin darare.

Na san abin da zai faru duk da haka. Hajiya za ta ce a kawo mata kasko, don da shi ta tashi. A nan sai ka yi haƙuri ka tsaya. Ɗakin da ta saba jin ɗumi a cikinsa yana da kafofi ko'ina. Wannan mun toshe shi da hannunmu. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba launi, ba wari, ba hayaƙi, garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 da wani abu. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai barci mai nauyi, mai barcin kuma ba ya farkawa ya buɗe ƙofa. In mutum biyu a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, a fitar da su iska a tafi asibiti, kada a tsaya neman abin da suka ci. Kasko ya zauna a baranda ko tsakar gida, a sha hira a gasa gyaɗa, a kashe shi a can. Janareta ma kada ya kwana kusa da tagarta.

Don dararen da suka fi tsanani, a bar soket ɗaya mai waya 2.5 kusa da gado. Hitar ɗaki mai mai a ciki, mai kama da haƙarƙari, ita ce mafi aminci, ba ta da ƙarfen da ke yin ja don zafi a fili da zai kama zani ko gidan sauro. Tana cin wat 1,500 zuwa 2,000, a kunna awa biyu kafin kwanciya a kashe. Mai jan sanda kada a saya. In za ka sa na'urar sanyaya ɗaki saboda bazara, nemi mai juyawa ta ba da ɗumi, tana ba da kusan ninki uku na wutar da ta ci. Yawancin na kasuwarmu sanyi kaɗai suke yi, kuma hoton rana a jikin rimot ba hujja ba ne, ka karanta takardar da ke manne a jikin injin waje. Duk wanda aka kunna, a ajiye kwanon ruwa a ɗakin, don iskar hunturu da ma a bushe take, tsoho kuma ba ya rasa tari. Robar ruwan zafi a naɗe cikin tawul a sa wajen gwiwa, ita ma tana aikin da ya fi kuɗinta.

Kafin a yi filasta, a toshe bakunan bututu duka, a cika su da ruwa, in mai aikin yana da famfon gwaji ya matsa, a bar su kwana ɗaya cur. Washegari ka bi kowace gwiwa da busasshen yatsa da kanka, kada ka aika. Sannan ka ɗauki hoton kowane bango da wayarka, da tef a miƙe daga kusurwa zuwa bututu da kuma waya, ka tura wa iyali su ma su ajiye. Ranar da kafinta zai zo kafa madubi ko ƙarfen dafawar nan, a nuna masa hoton kafin ya ɗauko abin huda bango.